Kokawar Hannu: Amsoshin Likita Kan Karaya, Ciwon Gwiwar Hannu da Atisaye

Tambaya: Likita barka da aiki. Muna kokawar hannu da abokina a kan tebur sai muka ji ƙas, damtsensa ya karye. Abin da ya ɗaure mini kai, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ina son wasan amma tsoro ya kama ni. Yaya aka yi mai ƙarfi ya karye?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Ƙarfin nasa na daga cikin abin da ya karya shi. A wannan wasa gwiwar hannu a kafe take kan tebur, abokin karawa yana tura tafin hannunka waje, su kuma manyan tsokokin ƙirji da na kafaɗa da na gefen baya suna juya saman ƙashin damtse zuwa ciki. Ƙashi ɗaya ne ake murɗa shi ta fuska biyu, kamar yadda ake matse wanki. Ƙashin damtse yana jure nauyin da aka ɗora masa a tsaye, amma murɗa ba ya jure ta sosai. Shi ya sa karayar ke zuwa a karkace, tana zagaya ƙashin, kuma galibi a ƙasa-ƙasa take, ɗan sama da gwiwar hannu. Wani lokaci har ɓallin ƙashi kan fita a gefe.

Akwai tsayuwar da ta fi jawo wannan. Mutum ya ga ana neman kai hannunsa ƙasa, sai ya juya ƙirjinsa da fuskarsa zuwa inda yake son kaiwa, kafaɗarsa ta wuce gaba, hannun ya rage a baya shi kaɗai. A nan duk nauyin jiki yake sauka a kan ƙashin. A gasar ƙwararru alƙalin wasa yana gargaɗi ko ya tsayar da wasa idan ya ga ɗan wasa ya shiga wannan tsayuwa. A teburin abokai kuwa babu mai tsayarwa, ihu ma ake yi ana zuga mutum.

Don haka idonka ya kasance a kan dunƙulen hannunka daga farko har ƙarshe. Hannun ya tsaya a tsakanin kafaɗunka biyu, kusa da jiki, duk inda zai je ƙirji ya tafi tare da shi. Idan aka rinjaye ka, bi hannun da jikinka ko ka sake shi ya tafi. Kada ka yi wasan a gajiye liƙis, ko a kan teburin da ke rawa, kuma kada ka amince da mai fizga kafin a ce a fara.

Game da abokinka, a duba ko yana iya ɗaga wuyan hannunsa da miƙe yatsunsa. Akwai jijiyar saƙo da ke bi ta bayan ƙashin damtse, manne da shi, karaya irin wannan takan taɓa ta, sai wuyan hannu ya langaɓe. Yawanci takan farfaɗo da kanta cikin watanni, amma dole likitan ƙashi ya riƙa bibiya. Kada a bar kowa ya ja hannun da sunan miƙarwa kafin a yi hoto. Wasu ɗauri na musamman ya ishe su, ƙashin ya haɗe cikin wata biyu zuwa uku, wasu sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Komawa tebur kuwa sai likitan ya ga hoto ya ba da izini.

Tambaya: Wata biyu ke nan da na fara, kusan kullum nake karawa. Yanzu gefen gwiwar hannuna na ciki yana ciwo, har ɗaukar kofi nakan ji. Nakan sha diklofenak kafin in hau tebur. Hakan ya yi?

Amsa: Bai yi ba. Maganin yana rufe ciwon ne kawai, kai kuma ka ci gaba da ɓarna ba ka sani ba, ga shi yawan shan sa na taɓa ciki da ƙoda.

Wannan ƙullutun ƙashin da ke gefen ciki, nan ne tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu da juya tafi ƙasa suke manne, ta hanyar jijiya mai tauri. Tsoka jini na ratsa ta sosai, cikin 'yan makonni za ka ji ta ƙara ƙarfi. Jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi jininta kaɗan ne, watanni take ɗauka kafin ta yi ƙwari. Sabon ɗan wasa yakan ji ƙarfi ya zo masa alhali maɗaurin bai shirya ba, kuma a ganina wannan giɓi shi ne tushen yawancin ciwon masu farawa.

Dakata da tebur har sai ɗaukar kayan yau da kullum ya daina maka ciwo. Amma kada ka ajiye hannun gaba ɗaya. Ɗauki ƙarfe marar nauyi, ɗora sangalin hannunka a kan cinya, ka lanƙwasa wuyan hannu sama, ka sauke a hankali cikin daƙiƙa uku ko huɗu, sau 15 zuwa 20. Ɗan jin jiki ba laifi, muddin bai ƙaru washegari ba. In ka koma, karawa sau ɗaya a mako ta isa, ita ma ba da dukkan ƙarfi ba.

Abu biyu ba sa jira. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara sagewa, ko riƙonka ya yi rauni, jijiyar saƙo ce ta matsu a bayan gwiwar. Idan kuma ka ji wani abu ya tsinke a gaban gwiwar, wurin ya kumbura ya yi duhu, ƙwanjin damtse ya tattare sama, je asibiti a makon, domin ɗinkin jijiyar da ta ɗaure ƙwanjin da ƙashi ya fi sauƙi a makonni biyu zuwa uku na farko.

Tambaya: Shekara uku ina ɗaga ƙarfe, amma wani siriri yana kayar da ni cikin daƙiƙa biyu. Wane atisaye ne na rasa?

Amsa: Tun a wuyan hannu yake cinye ka. Da zarar wuyan hannunka ya lanƙwashe baya, ƙarfin ƙirji da kafaɗa ba shi da hanyar isa ga teburin. Kuma wasan ja ne zuwa jikinka fiye da turawa gefe.

Dabarun da aka fi sani uku ne. Akwai mai naɗe wuyan hannu ciki kamar ƙugiya ya jawo ka kusa da shi. Akwai mai ja baya yana hawa kan yatsunka har tafinka ya buɗe, wanda nake zargin shi siririn naka yake yi. Na uku yana kawo kafaɗa bayan hannu ya danna ƙasa. Mai farawa ya bar wannan tukuna, yana wahalar da gwiwar hannu.

Ka ƙara lanƙwasa wuyan hannu da ƙarfe mai kaurin mariƙi, da juya tafi ƙasa da igiya ko roba a ɗaure ta gefen babban yatsa, da ɗaga ƙarfe babban yatsa na kallon sama, da jan jiki a sanda. Koyi riƙe nauyi a tsaye cak gwiwar hannu a lanƙwashe, daƙiƙa 10 zuwa 20. Sau biyu a mako, ƙarin nauyi kaɗan-kaɗan. Sauran kuma sai a tebur, da wanda ya fi ka sani kuma ba ya neman ya kunyata ka.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 14, kullum suna wannan wasa da abokansa. In hana shi?

Amsa: Hajiya, ki ja masa kunne kan yi da iyakar ƙarfi, musamman da waɗanda suka girme shi. A shekarunsa wancan ƙullutun ƙashi na gefen gwiwar hannu bai gama haɗewa da ƙashin damtse ba, guringuntsi ne a tsakani, kuma tsoka na iya ɓalle shi. Atisayen ƙarfi mai sauƙi a gaban mai koyarwa ba ya hana yaro tsawo. Idan ya ji zafi farat ɗaya a wurin, ga kumburi, ya kasa miƙe hannu, a yi hoto a ranar.

Tambaya: Shekarata 46, ina shan maganin hawan jini. Zan iya yi? An kuma ce in sha kiriyatin, garin nan da masu atisaye ke sha don ƙarin ƙarfi, ko in yi allurar ƙara tsoka.

Amsa: Malam, matsalar ita ce riƙe numfashi ana yunƙuri, wanda ke cilla awon jini sama na ɗan lokaci. Idan awonka a daidaice yake kuma ba ka da ciwon zuciya, atisayen ƙarfi matsakaici yana ma da amfani, kana fitar da numfashi yayin ja. Karawa mai tsanani sai likitanka ya duba ka. Ranar da awo ya kai 180 bisa 110, babu atisaye, asibiti za ka nufa.

Kiriyatin giram 3 zuwa 5 a rana ba ya cutar da mai lafiyar ƙoda, amma hawan jini na taɓa ƙoda, don haka a gwada taka tukuna. Allurar ƙara tsoka, wato sitiroyid, kam kada ka yi: tana ƙara hawan jini, tana kumbura tsokar zuciya, tana rage ƙwayoyin haihuwa, sannan tana girmar da tsoka ta bar jijiya a baya har ta tsinke.