Ko NPR da PBS za su rufe?

Malam, kana tambaya ko NPR da PBS, manyan kafofin rediyo da talabijin na jama'a a Amurka, za su rufe tunda Majalisar Dokokin Amurka ta janye tallafi. A'a, manyan suna nan daram. Abin da aka soke a watan Yulin 2025 shi ne kimanin dala biliyan 1.1 na CPB, hukumar da aka kafa bisa dokar 1967, wadda a da take raba kuɗin gwamnati ga tashoshin rediyo da talabijin na jama'a.

Ƙananan gidajen rediyon karkara ne suka ji jiki, irin na jihar Alaska, inda a da wasu ke samun fiye da rabin kasafinsu daga CPB. Na daɗe ina sauraronsu ta intanet, kuma abin da ke damuna shi ne idan aljihu ya yi zafi, wakilin da ke halartar zaman majalisar gari yana bin diddigin kuɗin haraji shi ake fara sallama.