Filin Tambaya da Amsa: "Anti, wai bulog ya mutu ne ni ban sani ba?"

TAMBAYA

Slm Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce ina aji biyu a jami'a, aikin jarida nake karanta, to a semestan da ya wuce wani lakcaranmu ya ce dole kowa a ajin ya buɗe bulog, wato shafinsa na kansa a intanet, ya riƙa rubutu duk sati kuma da shi zai ba mu makin gwaji. Gsky da farko haushi na ji don ni a ganina zamanin bulog ya wuce, wa zai zauna karanta dogon rubutu bayan ga bidiyo nan na minti ɗaya, amma da na fara sai abin ya shiga raina har semesta ya ƙare ban daina ba. Abin da na lura a kaina shi ne da can in ana musu a aji ni ce kan gaba wajen ɗaga murya, yanzu kuwa kafin in buɗe baki sai in ji zuciyata ta ce min ke wannan maganar ina kika samo ta, saboda akwai ranar da na yi rubutu a kan karatun dare da rashin barci, wani da ban ma san shi ba ya zo ƙasan rubutun ya ce in kawo hujja, wlh kwana na yi ina bincike kafin na samo abin da zan ba shi. Damuwata ita ce ƙawayena ba sa karantawa, su danna layik su wuce, akwai ma wadda ta rubuta min "masha Allah" a ƙarƙashin rubutun da na yi ina kukan an sace min waya. Dan Allah Anti da gaske ne bulog ya canza yadda mutane ke sadarwa ko dai zuzutawar malamai ce kawai? Kuma in ci gaba ko ɓata data nake? Na gode.

Ɗalibarki mai bibiyar wannan fili.

AMSA

Wa alaikis salam 'yata. Mai "masha Allah" ɗin nan ta ba ni dariya sosai, kar ki riƙe ta a rai, yawancin mutane haka suke, ido na ganin kan rubutu yatsa ya riga ya danna.

Ba zuzutawa ba ce, amma ba za ki ga girman abin ba sai kin san yadda ake kafin zuwansa. Da can in kina da maganar da kike so jama'a su ji, wasiƙa za ki rubuta zuwa ga edita ki aika ki zauna jira, in ya ga dama ya buga bayan ya yanke rabi, in bai ga dama ba sai kwandon shara kuma ba ki da inda za ki kai ƙara (mu da muke aiki a mujalla mun san wannan kwandon, ba ya rabo da cika). Masu jarida da rediyo da talabijin su ke magana, sauran jama'a nasu sauraro. Kuma ki sani cikin waɗanda ake cewa su suka fara fasa wannan tsari akwai ɗalibi kamar ki, Justin Hall, yana karatu a kwalejin Swarthmore a Amurka ya buɗe shafinsa a 1994 yana zuba labarin rayuwarsa, sai dai a lokacin sai wanda ya iya harhaɗa shafi da hannunsa. A 1999 ne Blogger da LiveJournal suka fito, ka rubuta a akwati ka danna maɓalli shi kenan duniya ta gani, a 2003 Google ya sayi Blogger, a shekarar ce kuma WordPress ya fito.

Tunda aikin jarida kike karanta bari in ba ki labarin da ya kamata a ce lakcaranku ya ba ku. Ranar 8 ga Satumba 2004 gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna wasu takardu a shirinsa na 60 Minutes, wai an buga su da tafireta a 1972 da 1973, suna zargin cewa an yi wa shugaba George W. Bush alfarma lokacin da yake aikin soja, ga zaɓe saura wata biyu, kuma wanda ya gabatar da labarin Dan Rather ne, babban ɗan jaridar da ake ji da shi. Kafin a kwana biyu masu bulog sun fara cewa anya, haruffan nan ba su yi kama da na tafireta ba. Wani mai suna Charles Johnson bai tsaya dogon surutu ba, buɗe Microsoft Word ya yi, bai taɓa saitin komai ba, ya sake buga ɗaya daga cikin takardun, ya ɗora tasa a kan ta CBS, sai ga shi layi ya hau kan layi, inda kalma ta ƙare a can nan ta ƙare a tasa. Ranar 20 ga watan CBS ya fito ya ce ba zai iya tabbatar da sahihancin takardun ba, Rather ya ba da haƙuri, a Maris 2005 ya sauka daga kujerar karanta labarai. Shekara biyu kafin wannan ma an yi na Sanata Trent Lott, wanda a Disamba 2002 ya yaba wa takarar shugaban ƙasa da Sanata Strom Thurmond ya yi a 1948 a kan aƙidar wariyar launin fata, manyan jaridu suka kusa wuce maganar, masu bulog irin su Josh Marshall suka ƙi sakin ta, cikin sati biyu da ɗoriya ya ajiye shugabancin jam'iyyarsa a majalisar dattawa.

To kin ga wancan mutumin da ya hana ki barci da "kawo hujja"? Abin da aka yi wa CBS kenan aka yi miki a ƙarami. A wurina wannan shi ne babban canjin, ya ma fi maganar kowa ya samu damar rubutu, wato mai karatu ya samu baki, yana iya tsayar da ke a gaban jama'a ya ce ba haka ba ne, kuma ke ma kina iya saka linki a rubutunki ki ce ga inda na samo je ka duba da kanka. Jaridar takarda ba ta iya wannan ba.

Sannan ya buɗe wa waɗanda ba a jin muryarsu ƙofa. Malala Yousafzai tana shekara 11 a farkon 2009 take rubuta wa sashen Urdu na BBC yadda rayuwa take a kwarin Swat na Pakistan lokacin da Taliban suka hana 'yan mata zuwa makaranta, da sunan aro Gul Makai. A Bagadaza a 2003 wani matashi mai kiran kansa Salam Pax ya riƙa rubuta abin da yake gani da idonsa ana ruwan bama-bamai, mutane a ƙasashe da dama suka koma karanta shi. A Kenya kuma bayan rikicin zaɓen ƙarshen 2007, lauya Ory Okolloh ta riƙa tattara rahoton da masu karanta bulog ɗinta ke turo mata har abin ya fi ƙarfinta, daga nan aka haifi Ushahidi a farkon 2008, taswirar da kowa ke iya tura abin da ya faru a inda yake.

Yanzu maganar mutuwa. Gaskiyarki ta wani ɓangaren, hirar ta tashi daga can. Facebook ya zo a 2004, Twitter a 2006 da dokar harafi 140, mutane suka ga ai ba sai ka wahalar da kanka da sakin layi biyar ba, a 2013 kuma Google ya rufe Google Reader wanda da shi mutane da yawa ke bibiyar shafukan da suke so. Amma duba wani abin mamaki, Evan Williams yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Blogger, yana cikin waɗanda suka kafa Twitter, kuma shi ne dai a 2012 ya dawo ya buɗe Medium don dogon rubutu, Substack ma ya biyo baya a 2017. Ni dai ban kira wannan mutuwa ba, abin ne ya bazu har aka daina kiran sa da sunansa, duk mai zuba dogon fostin a Facebook ko mai jero zaren magana a X (sabon sunan Twitter) aikin bulog yake yi ko bai sani ba. Bambancin da ke ba ni haushi shi ne a can ba ke ke zaɓar wanda zai gani ba, na'urar kamfani ce, kuma ita abin da ya fi tada hankali take turawa gaba don shi ke riƙe mutane a waya, shi ya sa rubutun da kika kwana kina bincike zai samu mutum ƙalilan, wani ya zagi wani a layi ɗaya ya tara dubbai.

Kuma kar in yi ta yabo kamar babu aibu. Editan nan da muka ji daɗin tsallakewa ba yankan rubutu kawai yake ba, shi ke tambayar wa ya faɗa miki, kin ji ta bakin ɗaya ɓangaren, kin tabbata da wannan adadin. Da aka cire shi ba a maye gurbinsa da kowa ba, sai jita-jita ta samu hanya ɗaya da gaskiya, kuma ta fi ta sauri. Dole ke ki zama editar kanki, kuma daga wasiƙarki na ga kin fara. Sai kuma abin da ɗalibai ke mantawa, magana zarar bunu ce, a intanet ma abin ya fi muni don ko kin goge wani ya riga ya ɗauki sikirinshot. Heather Armstrong a Amurka ta rasa aikinta a 2002 saboda abin da ta rubuta a kan wurin aikinta a shafinta, a Habasha kuwa a Afrilu 2014 kama masu bulog na Zone 9 aka yi suka haura shekara a tsare. Ba tsoratar da ke nake ba, amma duk ranar da ranki ya ɓaci da wani malami ko wata ƙawa, rubuta ki ajiye kar ki wallafa, gobe da safe ki sake karantawa, sau da yawa da kanki za ki goge.

In ci gaba? Ƙwarai kuwa. Ki daina auna abin da ƙawayenki, su don ke suke danna layik ba don rubutun ba, mai karatunki na gaskiya shi ne baƙon nan da ya nemi hujja, kuma irinsa ta bincike suke zuwa, wani bayan shekara ma zai faɗo kan rubutun, abin da fostin ɗin jiya ba ya samu. Ki zaɓi fanni ɗaya ko biyu da kika damu da su ki tsaya a kai, ki saka gundarin maganarki tun a layukan farko don a waya ake karantawa ana tafe ana hira, in kin yi kuskure ki gyara a fili ki rubuta cewa kin gyara. Ranar neman aiki kuma edita zai fi son ganin rubutu ashirin da kika yi da kanki a kan jin cewa kina da sha'awar rubutu. Abu ɗaya kar ki yi wasa da shi, ki riƙa ajiye kwafin komai a wurinki, lokacin da Yahoo ya rufe GeoCities a 2009 shafukan mutane da yawa sun tafi ke nan.

TAMBAYA TA BIYU

Anti ina wuni, ni ma ɗalibi ne ina so in fara amma kunya nake ji kar abokaina su gani su yi min dariya, shin laifi ne in yi da sunan aro? Kuma in na ga rubutu mai kyau a wani shafin zan iya kwafowa in saka a nawa tunda dai ilimi ne ake yaɗawa?

AMSA

Lafiya lau ɗana. Sunan aro ba laifi ba ne, ka dai ga Malala da Salam Pax da shi suka fara, sai dai su tsoron rai ne ya sa su, kai kuwa tsoron dariya ne, kuma abokan nan sati ɗaya za su yi su gaji. In ka fi sakewa da sunan aron yi abinka, da sharaɗin ba za ka rubuta abin da ba za ka iya amsawa ba in an gano kai ne, don ana ganowa, salon rubutu ma kaɗai yana tona mutum balle lambar waya da imel ɗin da ka yi rajista da su.

Kwafe kuwa a'a. Ɗauko rubutun mutum sukutum ka manna a shafinka sata ce ko da ka rubuta "an kwafo" a ƙasa, wannan "an kwafo" ɗin da ake yi a guruf-guruf ba ta wanke kowa ba. Ka ɗauko layi biyu ko uku, ka faɗi sunan mai shi, ka saka linki zuwa wurinsa, sannan ka faɗi naka ra'ayin a kai, in kuma duka kake so ka tura masa saƙo ka nemi izini tukuna.