Hukuncin Ba Wa Mai Farfaɗiya Ruwan Tabar Wiwi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Ɗana mai shekara tara yana fama da farfaɗiya. Mun kai shi asibiti aka ɗora shi kan ƙwayoyi, faɗuwar ta yi sauƙi sosai. Da suka ƙare ban samu halin sayen wasu ba, ciwon ya dawo. Wani mai magani a kasuwa ya ce in dafa ganyen wiwi in riƙa ba shi ruwan, wai Turawa ma da ita suke magani yanzu. Wani ɗalibi kuma ya ce a mazhabarmu kaɗan ɗinta bai haramta ba. Ya halatta in ba shi? Zan iya shuka 'yar kaɗan a tsakiyar dawa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba yaron nan lafiya, Ya ba ka ladan jinya.

Ɗan'uwana, da bakinka ka ce ƙwayoyin asibiti sun yi aiki, kuma a kan wannan maganar hukuncin ya rataya. Malaman da suka sassauta wajen yin magani da abin da ke taɓa hankali sun gindaya sharuɗɗa: a rasa wani halastaccen magani, likita masani amintacce ya rubuta, a tsaya iya gwargwadon buƙata. Ko ɗaya bai cika a kanka ba. Maganin yana nan, kuɗinsa ne ya gagara. Don haka bai halatta ka ba shi ba. Shan ta don maye kuwa haramcinsa ba ya buƙatar dogon bayani.

Maganar Turawa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an yi mata ƙari. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da aka tace daga sinadarin CBD, wanda ba ya bugarwa, domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani. Awo ake yi daidai nauyin yaro, ana kuma bibiyar hantarsa. Ganyen kasuwa kuwa yana ɗauke da THC, sinadarin maye, kuma mai maganin nan bai san nawa ne a cikin tukunyarka ba. Da irin wancan tataccen magani likita zai rubuta maka bisa larura, da amsata ta sauya.

Shuka ma kada ka kusance ta. Maroko, ƙasar Malikawa irinmu, ta ba da damar noman wiwi don magani da masana'antu a 2021, amma sai da lasisi, shan ta kuma yana nan a haramce. Mu nan dokar 1966 ta hana noma ta da sayarwa, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana kama mai ita. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kira a halatta noman ta don magani, an kai ƙudiri majalisar wakilai, bai zama doka ba. Biyayya ga hukuma wajen toshe ɓarna wajibi ce. In aka ɗaure ka, wa zai yi jinyar yaron? Kuma samarin ƙauye za su riga ka girbe ta.

Saura batun ɗalibin nan, wanda shi ya fi damuna, don ina jin irinsa a bakin matasa. Asalin maganar ta Imam Alƙarafi ce, malamin mazhabar Malikiyya, a cikin littafinsa Alfuruƙ. Ya raba masu gusar da hankali gida uku: mai sa maye, mai ɓata hankali, da mai sa barci. Ya sa hashisha, wato wiwi, a gida na biyu, don a ganinsa mai shan ta kasala da shiru ke kama shi, ba nishaɗi da rigimar mashayin giya ba. A kan haka ya ce babu haddi, ba najasa ba ce, kuma ɗan abin da bai taɓa hankali ba bai haramta ba. To, ɗalibin ya ɗauki wutsiyar zance ya bar kai. Alƙarafi kansa ya haramta duk adadin da ke juya hankali, mai shan sa kuma a yi masa ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace. Wa ya taɓa naɗa wiwi yana neman adadin da ba zai ji komai ba? Sannan ba a bar masa maganar ba ko a cikin mazhaba. Shehu Abdullahi Almanufi, malamin Shehu Halil mai Muhtasar, ya zaɓi cewa mai sa maye ce, hujjarsa ita ce sun ga masu shan ta suna sayar da dukiyarsu saboda ita, da babu daɗin maye ba za su yi haka ba. Abin da idonmu ke gani ke nan: saurayi ya saci akuyar uwarsa, ya ƙare a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kazaure. Ibnu Taimiyya ma a nan ya tsaya, har ya wajabta haddi. Hadisin Ummu Salama a Abu Dawud kuwa ya haɗa mai sa maye da mai kashe jiki a hani guda. Wani rahoton bincike na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6. A irin wannan hali, ɗalibi ya ji tsoron Allah kafin ya miƙa wa jama'a rabin mas'ala.

Ka koma asibitin a wannan makon, ka gaya wa likita gaskiya cewa kuɗi ne matsalar, ya duba maka mai rangwame. Yanke maganin farfaɗiya lokaci guda haɗari ne babba. Kada kunya ta hana ka zuwa wurin limaminku da 'yan'uwa. Kana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Ka nisanta yaron da murhu da bakin rijiya, kada ya je kogi shi kaɗai. In farfaɗiyar ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. Ba a ɗaukar ta ta yawu, don haka kada a ware masa kwano ko a cire shi daga makaranta. Ka yi masa ruƙiyya da addu'a tare da maganin, kuma ka lallashi mahaifiyarsa, don ita ke kwana a kansa.

Wallahu a'alam.