Na daina sa gishiri amma jinin maigida bai sauka ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Maigidana ne aka auna a asibiti aka ce yana da hawan jini, likita ya ce a rage mishi gishiri, to wallahi wata biyu kenan ban ƙara sa gishiri a miya ba sai dai na ƙara magi don kar abincin ya yi lami, amma da ya koma awo jinin na nan yadda yake. Mi zan yi? Daga Maman Sadik, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Sadik, Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da wannan kulawa. 'Yar uwa gishirin bai bar tukunyarki ba, kaya kawai ya canza. Dunƙulen magin nan kusan rabinsa gishiri ne, kuma abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, wanda akwai shi a farin magi, akwai shi a kanwar da muke jefawa a wake da miyar kuka da ɗanwake. Idan ya yi yawa sai jiki ya riƙe ruwa, jijiyoyi su takura, zuciya ta yi ta wahalar bugawa, a hankali har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, Allah ya kiyaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma fa lissafin ya haɗa da duk abin da ya ci a waje, tsire da kilishi da yajinsu, balangu, burodi, taliyar leda da ɗan ƙullin garin da ke cikinta. To ki tambaye shi mi yake ci in ya fita kasuwa.

Ki rage magin kaɗan kaɗan, ki koma wa daddawa irin ta iyayenmu, ki haɗa da albasa, tafarnuwa, citta, masoro da kanumfari, miya za ta yi ƙamshi har maƙwabta su ji. Satin farko zai yi ƙorafi, ki yi haƙuri, harshe na sabawa cikin 'yan makonni. Ki yawaita mishi zogale, alayyafo, rama, wake da ayaba, suna da sinadarin fotasiyam da ke taimaka wa jiki fitar da sodiyam, sai dai in yana da ciwon ƙoda a fara tambayar likita.

Dan Allah kar ya ajiye maganinsa don an gyara abinci, ko don ya ji sauƙi. Ya riƙa zuwa awo yana rubuta lambar a takarda, in ta ci gaba da kai 140/90 ko sama ya koma wa likitansa da takardar a hannu.