Bayan aikin rage tumbi: yaya zan cika giram 70 na furotin da abincin Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 41, ina zaune a Sabon Gari, nan Damagaram. Mako bakwai ke nan da aka yi mini aikin rage tumbi a Tunis, irin wanda ake yanke mafi yawansa a bar shi siriri. Tsawona mita 1 da santimita 62. Na shiga aiki da kilo 118, yanzu ina 105. Likita ya ce kullum in sami giram 70 na furotin, wato sinadarin gina jiki, ga shi garin furotin na gwangwani da na zo da shi ya ƙare. In na ci nama tsaya mini yake a ƙirji sai na amayar, shi ya sa na koma kunu da fura da romo, sai tuwo loma biyu. Jikina ba ƙarfi, in na miƙe jiri nake ji. Me zan ci daga abin da ke kasuwarmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa.

Adadin da likitanki ya yanka miki daidai ne. Bayan irin wannan aiki ana son mutum kada ya yi ƙasa da giram 60 a rana, kuma ana iya kaiwa giram 1.5 a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawonsa. Ke nauyin da ya dace da ke bai wuce kilo 65 ba, don haka 70 tana cikin hanya. Sai dai giram 70 na furotin ba giram 70 na nama ba ne, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Tsokar kaza dafaffiya mai giram 100, furotin da ke cikinta wajen giram 30 ne, sauran ruwa ne da ɗan kitse. Kifi dafaffe yana ba da 20 zuwa 25. Ƙwan kaza guda giram 6, na zabi ya ɗan gaza haka.

Jiki yana da rumbun kitse, amma ba shi da rumbun furotin. Ranar da bai samu daga abinci ba, tsokarsa yake warwarewa ya ci. Sikeli zai nuna miki kina raguwa, ki yi murna, alhali wani kaso na abin da ya tafi naman cinya ne da na dantse. Daga nan kasala ke fitowa, ɗinkin ciki ya yi jinkirin warkewa, sannan jikin da ya rasa tsoka ba ya ƙona abinci sosai, ƙiba ta sami ƙofar dawowa bayan shekara biyu ko uku.

Yanzu dubi abin da kike sha. Tumbinki a wannan lokaci abin da yake ɗauka bai fi ƙaramin kofin shayi biyu ba a zama guda. Kofin kunu da ƙyar ya ba ki giram 2. Fura gero ce, furotin ɗinta mai amfani yana cikin nonon, nonon kuma sau da yawa an tsinka shi da ruwa tun kafin ya iso gare ki, aka ƙara sukari a kai. Romo shi ya fi yaudara, domin ƙamshin nama yake yi, amma furotin yana nan cikin tsokar da aka tsame. Romon ƙafar saniya da ganda ma haka: abin da ke sa shi daskarewa furotin ne mara cika, ba ya gina tsoka yadda ƙwai ko madara ke yi. Idan aka tara abin da kika lissafa, da wuya ki kai giram 25 a yini. Waɗannan abubuwa suna wucewa sumul ba gardama, shi ya sa mai sabon aiki ke maƙale musu, amma sun cinye gurbin da babu irinsa.

Dokar ke nan a kowane zama: furotin ne loma ta farko. In ya rage wuri, ɗan ganye ko kabewa mai laushi. Tuwo, shinkafa, taliya da burodi su ne na ƙarshe, kuma a watannin nan gara ki ajiye su, don suna cuɗewa su kumbura su toshe hanya.

Madara ita ce za ta ɗauke miki kusan sulusin nauyin nan. Garin madara mai cikakken kitse yana da wajen giram 25 na furotin a cikin giram 100, wanda aka cire wa kitse kuwa wajen 35, kuma shi ya fi dacewa da ke in kin samu. Babban cokali mai tozo yana ɗaukar kamar giram 10 na gari, wato furotin 2 da rabi zuwa 3 da rabi. Ki juya gwangwanin ki duba layin da aka rubuta protéines. In adadin ya yi ƙasa da 24 a cikin 100, ki mayar. Akwai garin da ake aunawa daga buhu, wanda aka cire kitsen madarar aka sa man itatuwa a madadinsa, kuma ba kowanne ne furotin ɗinsa ya cika ba. Farin garin da ake zubawa a gahawa ba madara ba ne sam, madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kuma kusan rabinta sukari ne.

Wasu bayan aiki madara tana sa su kumburin ciki da gudawa. In haka ta faru, ki koma kindirmo, domin tsamin ya riga ya rage sukarin madarar. Mafi aminci ki haɗa naki a gida: ki tafasa madarar shanu, ko ki dama gari da kauri a ruwan da ya tafasa, ki bari ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, ki zuba cokali biyu na kindirmo mai kyau, ki rufe ya kwana. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauko cuta, kuma gudawar kwana biyu ga mai ƙaramin tumbi ba ƙaramin abu ba ne.

Batun naman da ke tsaya miki, yawanci dalili uku ne: ya bushe, lomar ta yi girma, ko an yi sauri. Tsire, balangu, kilishi, soyayyen nama da busasshen dambu ba naki ba ne yanzu, duk da furotin da ke cikinsu. Jan nama shi ne na ƙarshe da sabon tumbi ke karɓa, wasu sai bayan wata uku zuwa shida. Ki fara da kifi. Ɗanye ko banda, a dafa shi cikin miya mai ruwa, a zauna a tsince ƙaya tsaf, a marmashe. Gwangwanin sardin guda, in an tsiyaye man, yana ba da wajen giram 20, ki raba shi zama biyu. Kaza kuma cinya ta fi ƙirji laushi: a cire fata, a dafa har ta rabu da ƙashi, a daka a turmi ko a markaɗa, a mayar cikin miyar kuka ko ta kuɓewa. Yauƙin nan yana taimaka mata ta wuce. Ƙwai a kaɗa shi a dafa da laushi a wuta kaɗan, domin dafaffe mai tauri yana shaƙe mutane da yawa. Hanta sau ɗaya a mako ta isa.

Awara abin arziki ce mai araha, giram 100 na ba da 10 ko sama da haka, gwargwadon yadda aka matse ta. Ki saye ta kafin a soya, ki dafa ta cikin miya. Wake dafaffe yana da giram 7 zuwa 8 a cikin 100. A surfa shi a cire ɓawo, a yi alale mai laushi da ƙwai a ciki, a sa mai kaɗan. Ƙosai mai ya yi masa yawa, ɗanwake kuma gari ya rinjayi waken. Ƙuli-ƙuli kada ki gurgura shi, a daka a tankaɗe, babban cokali a cikin miya yana ƙara wajen giram 4. Wanda ya yi warin fumfuna ko ɗaci a zubar. Cuku ma sai an daka shi lilis an jiƙa. Kwaɗon zogale da fara ki dakata musu tukuna, zare da ɓawo sun yi wa tumbin mako bakwai nauyi.

Ga yadda yini zai iya kasancewa. Da hantsi ƙwai biyu masu laushi, giram 12. In biyu sun fi ƙarfinki, ki ci ɗaya da rabi. Wajen ƙarfe goma, kindirmo mililita 200 da cokali biyu na garin madara, giram 11, ki kurɓa a hankali cikin rabin awa. Bayan azahar kifi giram 60 a miya, 13. Bayan la'asar madara, cokali huɗu a kofin ruwa, 10. Bayan magariba dakakkiyar kaza giram 50, wajen 14. Kafin ƙarfe tara, awara giram 90 ko wani kofin kindirmon, 9 zuwa 11, kuma ki bar awa biyu tsakaninsa da kwanciya saboda ƙwannafi. Kin ga an taɓa 70 ba tare da garin furotin na waje ba. Ƙaramin sikelin kicin zai yi miki amfani ƙwarai a makonnin farko, har ido ya saba. Ba lalle ki kai a rana ɗaya ba. Daga 25 ki hau 40, ki hau 55, cikin mako guda ko kwana goma ki iso.

In kin sake samun garin furotin na gwangwani, wanda aka yi da ruwan madara ya fi, ludayinsa na giram 30 yana ba da 20 zuwa 25, ya maye miki zama biyu. Wanda aka rubuta kolajin a jikinsa, na gyaran fata, kada ki sa shi a lissafi.

Yadda ake ci ya kai abin da ake ci muhimmanci. Ki ware ƙaramin faranti naki, ki bar cin tire ɗaya da jama'a, don hannu yana bin saurin na kusa da shi. Ƙaramin cokali, loma kamar girman gyaɗa biyu, tauna sau 20 zuwa 30 har ta zama kamar kunu a baki, ajiye cokali tsakanin loma da loma. Zama guda minti 20 zuwa 30. Da kin ji nauyi a ƙahon zuciya, ko gyatsa, ko shaƙuwa, kin ƙoshi ke nan, loma ɗaya a kan wannan ita ce aman. Mun san a gidan suna ko biki za a yi ta cewa “Hajiya ƙara mana, ai ba ki ci komai ba”. Ki gaya wa uwargida ko wata aminiya gaskiyar lamarin tun kafin a zuba, ta tare miki.

Ruwa kuma ba a haɗa shi da abinci. Ki tsaya da sha minti 30 kafin ci, ki jira wasu 30 bayan kin gama. Tsakanin nan ki yi ta kurɓa, aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, wato leda uku ta rabin lita. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Damagaram ke wuce digiri 40, ki nufi lita biyu. Madara da kindirmo suna shiga lissafin ruwan. Lemo mai gas babu shi, shayi mai kauri da sukari kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Jirin da kike ji ba ma so ki ɗora shi kan furotin kaɗai. Ƙarancin ruwa na kawo shi. Haka nan in kina shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari tun kafin aiki, mai yiwuwa yanzu ya yi miki yawa, tunda kilo 13 sun tafi. Cikin makon nan ki je a auna jininki a zaune da a tsaye, a duba sukari, likita ya sake duba magungunan. Kada ki tsayar da su da kanki. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ki nisance su, suna iya yi wa tumbin gyambo.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan amai ya zama na kullum, ko ruwa ma ya ƙi zama, wataƙila hanyar ta ƙuntata, abinci ba zai gyara wannan ba. Amai mai ɗorewa yana ƙarar da bitamin B1 cikin makonni kaɗan, alamarsa ruɗewa, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi, ko mutuwar ƙafa. Wannan na gaggawa ne, a tafi babban asibitin Damagaram, a faɗa musu an yi miki aikin tumbi, domin a ba ki B1 kafin ko tare da ƙarin ruwa mai sukari. Zazzaɓi da bugun zuciya da sauri da ciwon ciki ko na kafaɗar hagu su ma asibiti ne nan take. Kumburin ƙafafu kuma yana iya nuna furotin na jini ya faɗi.

Gashi zai iya zuba tsakanin wata na uku da na shida, ko da kina cin daidai. Yakan tsaya ya sake fitowa, amma ƙarancin furotin da ƙarfe yana tsawaita shi. Ƙwayoyin bitamin da aka rubuta miki na kullum ne, abinci ba ya maye su. A wata na uku, na shida da na goma sha biyu a auna miki yawan jini, ƙarfe, B12, bitamin D da albumin, wato furotin na jini, daga nan shekara-shekara. In kina da ciwon ƙoda, kada ki wuce adadin da likita ya sa. Ɗaukar ciki a jinkirta shi wata 12 zuwa 18. Azumi kuwa, likitoci da yawa suna hana shi a shekarar farko, don ba yadda za a cusa ruwan yini da giram 70 tsakanin buɗa baki da sahur a tumbi irin wannan. Ki nemi hukuncin likitanki, sannan ki kai wa malami ya faɗa miki yadda za ki rama.

Daga gobe ki sami ɗan littafi, ki riƙa rubuta abin da kika ci, nawa ne, da wanda ya tsaya miki. Abin da ya ƙi wucewa yau ki bar shi mako biyu ki sake gwadawa da laushi. Littafin nan ki tafi da shi ranar awon jinin.