Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gwajin ƙwaƙwalwar ɗanta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki kan ɗanki mai shekara takwas, wanda ba ya zama wuri ɗaya a aji, kullum sai ya baro littafi a makaranta, in kin aike shi ya dawo da rabin saƙo, har likita ya ce a kai shi gwajin aikin ƙwaƙwalwa. Kin ce kina tsoron ko na'ura za a ɗaura masa a ka. Kwantar da hankalinki, an yi wa ɗiyata. Babu allura, babu waya, kuma ba hoton ƙwaƙwalwa ba ne. Zama ne da masanin halayyar ɗan'adam na 'yan awanni, wani lokaci a raba shi gida biyu don kada yaro ya gaji.

Za a karanto masa lambobi, a ce 4, 9, 2, ya maimaita, sannan ya faɗe su daga ƙarshe zuwa farko. Za a ba shi 'yan tubala masu ja da fari ya haɗa irin zanen da aka nuna masa, ana duba agogo. Waɗannan suna cikin gwajin WISC, na auna basirar yara 'yan shekara 6 zuwa 16. Akwai kuma na kwamfuta: haruffa na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ya danna maɓalli a kan kowanne in ban da X, har tsawon minti 14. Da gangan aka yi shi mai gundura. Mai gwajin ta faɗa mini ɗiyata ta fara lafiya lau, amma kafin a kai rabi tana ta kaɗa ƙafa, X na fitowa sai ta danna, sannan ta dafe baki ta ce "kash!" Ta san dokar sarai, hannun ne ke riga ta. Abin da ake aunawa ke nan: birkin da ke tsayar da yaro kafin ya aikata, da riƙe magana a ka har ya gama aiki da ita, da tsara abu daki-daki.

Sai dai ki riƙe wannan da kyau: gwajin shi kaɗai ba ya tabbatar da ADHD, wato larurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, ba ya kuma kore shi. Ɗakin shiru ne, babba ɗaya ya zuba wa yaro ido yana lallaɓa shi, ina ya haɗu da aji mai cike da hayaniya? Yara da yawa masu matsalar suna yin ƙoƙari a ɗakin, su koma aji abin ya dawo. Ƙa'idar da likitoci ke bi, ta DSM-5, littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2013, ita ce alamun su bayyana kafin shekara 12, su kai wata shida, kuma a gan su a wuri biyu ko fiye. Shi ya sa za a ba ki takardun tambayoyi irin su Conners ko Vanderbilt, ki cika naki, malamin ajinsa ya cika nasa. Ni har malamin Islamiyya na roƙa ya rubuto abin da yake gani wajen hadda, kuma bayaninsa ya yi amfani ƙwarai. Don Allah kada kunya ta sa ki rufa wa yaron asiri a takardar nan.

Kafin nan ma ki nemi a duba idonsa da kunnensa da jininsa, ki kuma faɗi yadda yake barci. In yana da sikila ki ambata tun farko, domin tana iya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama a jiki ba, sai dai karatu ya ja baya. Haka zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa kai shi ga suma, da irin farfaɗiyar da yaro zai ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san inda yake ba, da gubar dalma irin wadda ta addabi ƙauyukan Zamfara a 2010. Duk suna iya kama da rashin natsuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Yawancin gwaje-gwajen nan da Turanci aka tsara su, kuma da yaran Amurka ko Ingila ake kwatanta makin. Yaron da ya tashi da Hausa a gida zai iya faɗuwa a ɓangaren kalmomi ba don ƙwaƙwalwarsa ta gaza ba. Ki tambayi mai gwajin kai tsaye yadda zai yi la'akari da wannan, kuma kada lambar IQ guda, wato makin basira, ta tayar miki da hankali.

Wajen neman masanin, ki tambaya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin yaro ya taɓu, ko me dangi za su ce.

Ki dage a ba ki rahoto a rubuce, a kuma zauna a yi miki bayaninsa. Namu ya nuna fahimtar ɗiyata kalau take, riƙe umarni ne ke ba ta wuya. Sai muka koma aike ɗaya a lokaci ɗaya, ta maimaita mini kafin ta tashi, malama ta dawo da ita layin gaba, muka ajiye bulala. Maganar magani irin su methylphenidate kuwa, ta likita ce bayan ya haɗa komai.

Ranar gwajin ya samu barci, ya karya kumallo, ki tafi da sakamakonsa na zangunan baya da tabarau in yana sawa. Kada ki ce masa jarrabawa ce, ki ce wasanni za a ba shi don a ga yadda ya fi gane karatu. Allah ya shirya mana su.