Ziyarar Tsofaffin Coci-coci da Maƙabartunsu a Tsaunukan Akuapem

TAMBAYA: Ni malamar tarihi ce a wata makarantar sakandare a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, kuma ina so in kai ɗalibaina, waɗanda yawancinsu Musulmi ne 'yan zango, su ga tsofaffin coci-cocin mishan na ƙauyukan da ke kusa da Accra, amma wasu iyaye sun nuna ɗari-ɗari. Ina ya kamata mu je, kuma wane ladabi za mu kiyaye?

AMSA: Malama, niyyarki mai kyau ce, kuma ba sai kun yi nisa ba. Idan kuka tashi daga Madina kuka bi ta Adenta da Ayi Mensah, hanyar za ta haura da ku Aburi da Mampong har Akropong, inda ya fi dacewa ku yada zango, domin a can ne aikin Mishan ɗin Basel, wato ƙungiyar yaɗa Kiristanci daga birnin Basel na Suwizalan, ya yi saiwa a ƙasar nan.

Shawarata ita ce ku fara da maƙabarta kafin ku shiga ginin cocin, saboda duwatsun kaburbura ne za su bayyana wa yara abin da ya kawo mishan bisa tsauni. Turawa huɗu na farko da Basel ta aiko sun sauka a Osu, da ke bakin teku a Accra, a watan Disamba na 1828, kuma kafin ƙarshen 1831 duk sun rasu. An sake aiko uku a 1832, biyu suka bi sahun na farko, aka bar Andreas Riis shi kaɗai, wanda ya koma Akropong a 1835 don neman iska mai sanyi da nisantar zazzaɓin bakin teku. Ki sa kowane ɗalibi ya zaɓi dutse ɗaya, ya rubuta shekarar haihuwa da ta rasuwa, ya ɗebe ta haihuwa daga ta rasuwa don ya san shekarun mamacin. Lissafin da zai fito ya fi kowane bayani da za ki yi a kan allo tasiri.

Su kuma lura da sunaye, domin ba duka na Jamusawa da 'yan Suwizalan ba ne. A 1843 mishan ta kawo baƙaƙen fata Kirista 24 daga Jamaika da Antiguwa, 'yantattun bayi da zuriyarsu, don mutanen gari su ga cewa addinin ba na Bature kaɗai ba ne. Daga cikinsu aka sami iyalan Hall da Clerk da Miller, kuma Peter Hall, wanda aka haifa a Akropong, shi ne ya zama shugaban majalisar cocin Presbyterian na farko a 1918. A garin ne aka buɗe kwalejin horar da malamai a 1848, a nan kuma Johann Gottlieb Christaller ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Twi. Abin da na tabbata zai ja hankalin 'yan Nima shi ne Salem, wato unguwar da mishan ke ware wa sababbin Kirista a gefen gari, da cocinta da makarantarta. Wanda ya tashi a zango ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane yadda addini ke kafa unguwa. Idan kuɗin mota ya yi kaɗan, Abokobi na nan kusa, inda ɗan mishan Johannes Zimmermann da jama'arsa suka koma bayan Turawan Ingila sun yi wa Osu ruwan wuta a 1854.

Game da ladabi, ki rubuta wa fasto ko katikis (malamin da ke koyar da addini a cocin) takarda tun da wuri, kuma idan kun isa ku fara zuwa gaishe shi, kada ku zarce maƙabarta kamar wurin ba shi da mai shi. Ku zaɓi ranar aiki, domin Asabar ta jana'iza ce, Lahadi kuma ta sujada. Ba a cire takalmi a coci, maza kan cire hula, mata kuwa su bar mayafinsu, kuma kada kowa ya haura wajen teburin da ke gaba sai an ba shi izini. A maƙabarta a hana yara taka kabari ko zama a kansa, a hana su kankare gansakuka da wuƙa ko goga alli a kan rubutu, domin hakan na cinye dutsen. Hasken safiya da ke zuwa ta gefe ya isa ya fito da haruffan da suka shafe. Wasu kaburburan na iyalan da ke garin ne har yanzu, saboda haka a tambaya kafin a ɗauki hoto, da damina kuma a sa takalmi rufaffe saboda macizai.

Iyaye kuwa ki zauna da su, ki bayyana musu cewa darasin tarihi za a je yi a lokacin da babu ibada, kuma ki gayyaci ɗaya ko biyu su raka ku. Hukuncin shari'a na malamai ne, su tambayi limaminsu, sai dai kina iya tuna musu cewa Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King da ke Accra a lokacin Ista na 2019. Wanda duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, kada a tilasta wa ɗansa. A ba shi aikin da zai yi a aji da hotunan da 'yan'uwansa suka ɗauko.